Yadda Ake Haɗa Kai Wajen Tsara Fuskar Buɗaɗɗiyar Manhaja ta 'Yan Sa-kai

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar rubutunta a fili, kowa yana da damar ya karanta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu bisa sharuɗɗan lasisi irin su GPL ko MIT. Yawancin masu ba da lokacinsu kyauta a irin wannan aiki masu rubuta manhaja ne, shi ya sa fuskarta, wato abin da mai amfani yake gani yana taɓawa a allon waya, takan zama abin da ake waiwaya a ƙarshe. Mu ɗauka cewa matasa daga Kura, Ringim da Kazaure sun haɗu suna gina manhajar da ƙungiyar manoman shinkafa za ta riƙa rubuta bashin taki da buhunan da aka ajiye a sito. Ga yadda ya kamata su tafiyar da aikin tsara fuskarta.

Mataki na farko shi ne karatu kafin zane. Wanda ya shigo sabo ya buɗe ma'ajiyar aikin a GitHub ko GitLab, wato shafukan intanet da ake ajiye rubutun manhaja, ya karanta takardar ƙa'idojin ba da gudummawa, sannan ya bi sashen da ake kira Issues domin ya ga ƙorafe-ƙorafen da aka riga aka shigar da shawarwarin da aka yanke. Daga nan ya gabatar da kansa, ya nemi ƙaramin aiki ɗaya, kamar gyara shafin shigar da sunan manomi. Wanda ya fara da cewa zai sauya fuskar manhajar gaba ɗaya yakan gamu da shiru, domin masu kula da aikin ba su da lokacin sake gina abin da suka daɗe suna wahala a kansa.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci a ganina, kuma a nan ne mazaunin karkara ya fi abokin aikinsa na birni ko na ƙasar waje amfani. A je a zauna da sakataren ƙungiya ranar rabon taki, a kalli yadda yake riƙe littafinsa, a lura da abin da yake fara rubutawa. Sau da yawa za a tarar ba ya neman mutum da lamba, sai da suna da laƙabi da unguwa, saboda a ƙauye ɗaya ana iya samun Malam Sani fiye da uku. Za a ga yana lissafi da buhu da tiya da kwano, ba da kilo ba. A duba wayarsa: wataƙila ƙaramar itel ce ko Tecno mai tsagaggen allo, ma'ajiyarta ta kusa cika, cajinta kuma a shagon mai sola ake yinsa. A tambaye shi cikin ladabi, misali a ce, "Malam, idan mutum ya biya rabin bashinsa, yaya kuke rubutawa?" Kada a tambaye shi irin manhajar da yake so, a bar shi ya nuna aikinsa. Kuma kada a ɗauki hoton littafin da sunayen mutane da bashinsu a ɗora a intanet, domin ma'ajiyar aikin a buɗe take ga duk duniya. A ƙirƙiri sunayen misali.

Sai a koma ga takarda da fensir. A zana kowane shafi a kan takarda mai girman waya, mutum biyu ko uku kowa ya kawo nasa, a kwatanta. Zanen takarda ba ya cin data, kuma babu wanda yake jin ciwon yaga shi.

Bayan an tsayar da ɗaya, sai a mayar da shi zane na kwamfuta. Penpot, manhajar zana fuskar manhaja, ya dace da irin wannan aiki saboda shi ma buɗaɗɗiyar manhaja ce, kuma mutane da yawa suna iya aiki a kan zane ɗaya. Akwai ma'aunai da ba a sakaci da su. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda aka tsara domin sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, wato kamar ninki huɗu da rabi, ga rubutu na yau da kullum, wanda yake da matuƙar amfani ga mai duba waya a tsakar rana a bakin gona. Jagoran zane na Android ya ce wurin dannawa kada ya gaza 48dp a tsawo da faɗi (dp ma'aunin girma ne a allon waya). A zaɓi salon haruffan da yake fitar da ɓ, ɗ da ƙ daidai, kamar Noto, a kuma bar wa rubutun Hausa fili, tunda jimlar Hausa kan fi ta Ingilishi tsawo. Idan ana da niyyar saka Ajami wata rana, a sanar da masu rubuta manhaja tun yanzu, domin shi daga dama zuwa hagu ake rubuta shi, kuma hakan yana juya tsarin shafi baki ɗaya. Haka nan a zana abin da mutum zai gani idan babu sabis: saƙo bayyananne cewa an adana bayanin a waya, za a aika idan sabis ya dawo.

Mataki na gaba shi ne kai zanen gaban jama'ar aikin. Babu laifi a tattauna a WhatsApp, amma duk shawarar da aka yanke a can sai an rubuta ta a Issue ɗin da ya shafe ta, tare da hoton zanen, matsalar da yake warwarewa da dalilin zaɓensa. Ɗan sa-kai yakan ɓace lokacin jarrabawa ko girbi, wanda ya gaje shi kuwa ba shi da abin dogaro sai abin da aka rubuta. A tambayi masu rubuta manhaja tun kafin a kammala ko abin da aka zana zai yiwu a kan ƙaramar waya.

Daga nan sai gwaji. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan bankaɗo mafi yawan matsalolin amfani da fuskar manhaja. A ba kowa aiki ɗaya, misali ya rubuta cewa wani ya karɓi buhu biyu na taki, sannan a yi shiru a kalla ba tare da taimaka masa ba. A haɗa da dattijo da wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba, a kuma nemi mace cikin tawagar ta shiga gida ta gwada da mata masu sana'ar gyaran shinkafa, domin ba za su zo dandali ba. Idan an samu saɓani tsakanin masu zane biyu, sakamakon gwajin ne zai raba gardama, mai kula da aikin kuma shi ne zai yanke hukuncin ƙarshe.

Idan an amince da zanen, a miƙa shi ga masu rubuta manhaja tare da launuka, girman haruffa da jerin kalmomin da aka tsayar, a ɗora kalmomin a Weblate, dandalin fassara manhaja, domin masu fassara. Bayan an gina shafin, mai zanen ya sauke sabuwar manhajar a wayar da ta fi kowacce rauni a cikin tawagar, ya gwada ta, ya rubuta duk abin da ya saɓa wa zanen a Issue ɗin kafin a rufe shi.