Tara jimillar ciniki da GROUP BY ba tare da lissafi ya ɓaci ba

A ce kana da tebur mai suna ciniki, kowane layi sayarwa ɗaya ce, da ginshiƙai huɗu: lamba, reshe, kudi da rana. Kana son jimillar kowane reshe tun daga farkon 2024, amma rassan da cinikinsu ya haura naira 500,000 kaɗai. Ga umarnin a SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi:

SELECT reshe, COUNT(*), SUM(kudi)
FROM ciniki
WHERE rana >= '2024-01-01'
GROUP BY reshe
HAVING SUM(kudi) > 500000;

Rumbun bayanai ba ya bin umarnin daga sama zuwa ƙasa. WHERE ne ke fara tace layuka, GROUP BY ya kasa su rukuni-rukuni, sannan HAVING ya tace rukunonin. Shi ya sa SUM, mai tara jimilla, ba ya shiga cikin WHERE: a lokacin ba a tara komai ba tukuna.

Duk ginshiƙin da ka sa a SELECT, ko dai ya fito a GROUP BY, ko ya zauna cikin SUM, MAX da ire-irensu. In ka ƙara ginshiƙin rana a SELECT haka kawai, abin da zai faru ya danganta da irin rumbun bayanan da kake amfani da shi: PostgreSQL zai ƙi. MySQL ma tun daga sigar 5.7.5 yana ƙi. SQLite kuwa zai ɗauko maka ranar wani layi ya yi shiru, wannan ya fi haɗari.

Sai batun NULL, wato gurbin da ba a cike ba. Layuka uku masu 200, 400 da NULL: COUNT(*), mai ƙirga layuka, zai ba ka 3, COUNT(kudi) zai ba ka 2, AVG(kudi), wato matsakaici, kuma 300, ba 200 ba, domin tsallake NULL yake yi. In a wurinka gurbin sifili yake nufi, rubuta AVG(COALESCE(kudi, 0)), COALESCE zai sa 0 a madadin NULL.

Inda lissafi ya fi ɓaci shi ne wajen JOIN, wato haɗa tebur biyu. Ka haɗa ciniki da teburin kayan da aka saya. Sayarwar naira 10,000 mai kaya uku za ta koma layi uku, SUM ya ce 30,000, kuma babu wani gargaɗi. SUM(DISTINCT kudi) ba magani ba ne, in sayarwa biyu kuɗinsu ya zo ɗaya, zai haɗiye guda. Fara tara teburin kayan da GROUP BY a kan lambar sayarwa, ya zama layi ɗaya ga kowacce, sannan ka haɗa. Kwatanta COUNT(*) kafin haɗawa da bayanta; in adadin ya ƙaru, layuka sun ninku.