Yadda nake tsare komin kayan lambu daga ƙwari

Amfanin komin da aka ɗaga da katako ko bulo shi ne hannunka yana kaiwa ga kowane tsiro, muddin faɗinsa bai wuce mita 1.2 ba. Shi ya sa nake fara aikin da ido kafin in taɓa famfon feshi. Da sassafe ka bi shukar kana juya ganye, domin daga ƙarƙashi ɓarnar take farawa. Nan darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu laushi, ke taruwa tana tsotson ruwan ganye har ya nannaɗe, nan kuma malam-buɗe-littafi ke saka ƙwai a jikin kabeji. In ka ga kiyashi na hawa da sauka a kan barkono, bi sawunsu: zaƙin da darɓa ke fitarwa suke sha, har gadinta suke yi. Murtsuke ƙwan da yatsa, tsince tsutsa ka jefa cikin ruwan sabulu, darɓa kuma ka wanke ta da ruwa mai ƙarfi.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne raga. Lanƙwasa bututun roba daga wannan baki zuwa wancan, ka lulluɓe da raga irin ta gidan sauro tun ranar dashe, ka danne gefenta sosai. Amma kokwamba da kabewa, da zarar sun yi fure sai ka yaye, don sai ƙudan zuma ya ziyarce su suke yin 'ya'ya.

In ka wayi gari ka tarar an datse dashe daga gindi, tsutsar cikin ƙasa ce mai fitowa da dare. Naɗa wa kowane tsiro zoben kwali, ka nutsa shi kamar santimita 3 a ƙasa.

Idan feshi ya zama dole, ina zuba mililita 5 na man darbejiya a lita ɗaya ta ruwa da ɗan sabulu. Gwada a ganye kaɗan tukuna, ka yi da yamma don kada rana ta ƙone ganyen, ka maimaita bayan mako. Ba ya kisa nan take, ci da girma yake hana ƙwarin, sai ka yi haƙuri. Guba mai kashe komai kuwa ba na kai ta komina. Tana tafiya da gizo-gizo da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke cin darɓa, alhali darɓa tana haihuwa ba tare da namiji ba, kafin su farfaɗo ta sake cika wurin. Ka kuma rage takin yuriya, don yana sa ganye taushi, darɓa kuwa ganye mai taushi ta fi bi.