Kurakuran lokaci da ke rage wa dawa da masakwa tsaba

Da yawa daga cikinmu, daga Marwa har Garwa a arewacin Kamaru, sai mun ga dawa ta yi ciki muke fara neman buhun yuriya. To, an riga an makara. Dawa mai saurin nuna, irin su S35, tana fara ƙulla zangarniya tun tana da wata guda ko sama kaɗan da tsirowa. In kana shakka, ka tsaga kara ɗaya da reza, za ka tarar da ɗan mitsitsin kai a ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Daga ranar har zuwa bunni ne yawan tsaba yake tabbata. Takin da aka zuba bayan kai ya fito yana iya ƙara wa tsaba nauyi, amma ba ya ƙara mata yawa. Saboda haka a zuba yuriya dawa tana da wata guda, ƙasa da danshi, a kuma rufe shi.

Jinkirin noman firi ma haka yake. Sau da yawa gonar auduga ce ke cinye hannu, a bar dawa cikin ciyawa. A yi firi kafin mako uku, a rage shukar, biyu ko uku a rami.

Dawar gargajiya kuwa ba kwana take ƙirgawa ba, gajartar yini take bi. Ko ka shuka a Yuni ko a ƙarshen Yuli, kusan tare za su fitar da kai, sai dai ta baya ba ta samu lokacin yin jiki ba.

Inda na fi ganin asara shi ne masakwa, dawar da ake dasawa bayan damina, wadda Fulani ke kira muskuwaari, a Cadi kuma barbare. Mutum ya yafa iri sau ɗaya a Agusta, ya zauna jiran ruwa ya janye daga karal, wato ƙasar laka da ake dasa ta a ciki. Kafin ya janye, irin ya tsufa ya fara gaɓa, in aka dasa sai ya ba da ɗan guntun kai. Irin kwana 30 zuwa 45 ake so. Dabarar ita ce a yafa shi kashi-kashi, da tazarar kamar kwana goma, duk ranar da ƙasa ta yi daidai akwai na cirewa. Kada kuma a bari karal ta fara tsagewa kafin dashe, domin danshin da ta riƙe shi kaɗai ne zai kai masakwa girbin Janairu ko Fabrairu.