Kurakuran da aka fi yi wajen rufe bakin ƙofa don tsare sanyin ɗaki

Da zarar bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, masu shaguna da magidanta sukan rataya labule a ƙofar da ba ta da ƙyaure, ko wadda ba ta rufuwa saboda yawan shiga da fita. Niyyar tana da kyau, amma sau da yawa na'urar sanyaya ɗaki takan wuni tana aiki, kuɗin wuta na ƙaruwa, ɗakin kuma bai yi sanyin kirki ba.

Babban kuskuren shi ne barin sarari a ƙasan labule. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka takan kwanta a ƙasa ta malale waje kamar yadda ruwa ke bin gangare, yayin da mai zafi ke shigowa ta saman ƙofar ta maye gurbinta. Duk mai shakka ya kunna turaren tsinke ya riƙe shi daf da dokin ƙofa, zai ga hayaƙin ya karkata waje. Idan ya ɗaga shi sama kusa da kan ƙofar, sai ya ga ya juyo ciki. Ke nan labulen da ya tsaya a ƙwauri, ko da yadinsa mai tsada ne, ya bar hanyar da sanyi ya fi bi a buɗe. Gyaran ba shi da wuya: labule ya taɓa ƙasa, ya zarce kowane gefe na ƙofar da kamar taƙi guda, sandar da aka rataya shi kuma ta matsu da bango don kada a bar rata a sama. Sannan a sa tela ya naɗe bakinsa na ƙasa ya zura siririn ƙarfe ko ya cika shi da yashi, domin labule marar nauyi iskar fanka kaɗai ta isa ta yaye shi.

Zaɓen yadi ma yakan ɓata aikin. Leshi da sauran yadi shara-shara na ado ne, iska na ratsa su kai tsaye. Yadi mai kauri da matsattsiyar saƙa ake buƙata, ko a ninka biyu, kuma idan ƙofar tana kallon yamma, inda ranar la'asar ke dukanta, fuskar da ke waje ta zama fara, tunda baƙi yana zuƙar zafi ya sako shi ciki.

A shagon da mutane ba sa yankewa, labulen roba mai fale-fale, irin wanda ake gani a ɗakunan ajiye daskararren kifi, ya fi dacewa. Sai dai wasu masu ɗaurawa, don tsimin kaya, sukan jera fallayen gefe da gefe ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba, kuma da robar ta ɗan lanƙwashe sai tsaguwa ta bayyana daga sama har ƙasa. Wajibi ne kowane falle ya rufe wani sashe na maƙwabcinsa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaran shago ke tattare fallayen su ɗaure a gefe ɗaya don sauƙin wucewa, wanda daidai yake da ba a sa komai ba.

Akwai kuma masu toshe ƙofa alhali fanka kawai gare su. Fanka ba ta rage zafin iska, motsa ta take yi gumi ya bushe a jiki, saboda haka idan dare ya yi, waje ya fi ciki sanyi, labule mai kauri tsare zafin da bango da kwano suka tara da rana kawai zai yi. A irin wannan ɗaki a sauke labule da hantsi, a ɗage shi bayan isha'i. Asabari, wanda iyayenmu suka daɗe suna ratayawa, ya fi dacewa a nan domin yana tare rana ba tare da ya hana iska wucewa ba. Jiƙa shi ko jiƙa zane a rataya yana kawo sanyi a bazara, lokacin da iska ke bushe, muddin akwai tagar da danshi zai fita. Idan damina ta sauka kuwa, sai dai ya ƙara gumi da warin rima.

Kuskuren da ke kai wa ga rasa rai shi ne rufe ɗaki ruf alhali janareta na aiki a soro ko a barandar da ke daf da ƙofa. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar launi marar wari, labule ba ya tare ta, kuma tana iya kashe mai barci bai farka ba. A kai janareta fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, bakin salansarsa yana kallon nesa da ɗakin.