Yadda ake hawa jirgin ruwa daga Santorini zuwa Mikonos

Jiragen da ke haɗa waɗannan tsibiran Girka kai tsaye sun fi zirga-zirga daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansu masu gudu ne irin na kamfanin Seajets, tafiyar awa 2 zuwa 3. A Yuli da Agusta ka yanki tikiti ta intanet tun da wuri, ka ajiye shi a waya.

Tashar Santorini ita ce Atiniyos, tana gindin dutse. Hanya ɗaya ce mai kwana-kwana ke gangarawa can, kuma takan cushe idan jirage biyu suka iso tare. Ka bar Fira, babban garin tsibirin, da sauran awa ɗaya da rabi, ko a bas ko a tasi. Jirgi ba ya jiran kowa: da ya sauke ƙofar baya, masu sauka na fita masu hawa na kutsawa, cikin 'yan mintuna ya ɗaga. Babbar jaka a benen ƙasa na jirgin ake barinta, wajen motoci; fasfo, kuɗi da magani su zauna a jikinka.

Abin da ya fi ɓata shiri shi ne meltemi, iskar arewa mai ƙarfi a tsakiyar bazarar Turai. Ƙananan jirage kan yi latti ko a soke tafiyarsu, babba kuwa ya fi jure igiyar ruwa. Mai saurin jiri ya sha magani kafin hawa, ya zauna tsakiya. Kada ka haɗa wannan tafiya da jirgin samanka a rana ɗaya.

A Mikonos sabuwar tasha, Turlos, ake sauka. Daga nan bas ko ƙaramin kwalekwale zai kai ka cikin gari.