Bayan aure ya mutu: yadda za ki nemi jagora, ki kuma ci moriyar zama da ita

Idan aure ya mutu, masu ba da shawara ba sa ƙaranci. Wannan ya ce ki yi haƙuri ki koma, waccan ta ce kada ki ƙara waiwayarsa, ƙawa kuma ta ce ki caɓa ado ki nuna masa ba ki damu ba. Duk don ƙauna suke yi, amma ba wanda zai dawo bayan mako biyu ya tambaye ki ina aka kwana. Abin da kike bukata shi ne mutum ɗaya da zai tsaya tare da ke na tsawon watanni. Ni Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ina ce mata Gwaggo duk da ba mu haɗa jini ba. Da mace nake magana don halinta na fi sani, amma namiji ma zai tsinci nasa.

Kada ki ji kunyar neman mai riƙe ki. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera abubuwa 43 da ke girgiza rayuwar mutum, suka ba kowanne maki. Mutuwar miji ko mata ta ɗauki 100, saki ya zo na biyu da 73, sama da zaman kurkuku mai 63. Wadda ta faɗa cikin wannan hali ta kasa barci ba raki take yi ba.

Wajen zaɓe ake yawan tuntuɓe, don haka ki natsu. Mahaifiyarki ba za ta iya ba, ciwonki ciwonta ne, kina kuka tana kuka. Aminiyarki kuwa ta riga ta yanke wa mutumin hukunci tun kafin ki gama magana. Ki nemi wadda ba ta da hannu a rigimar, ba danginki na kusa ba, ba nasa ba, wadda ta girme ki kuma ta ga jiya ta ga yau. In ita ma aurenta ya taɓa mutuwa, ki lura da yadda take ambaton tsohon mijinta. Muddin muryarta na tashi idan ta zo kansa, nata ciwon bai warke ba, kuma za ta ɗora miki shi a kan naki. Ki kuma saurari yadda take maganar mutanen da ba sa wurin, domin wadda ta kwance miki sirrin wata yau, naki za ta kwance gobe. A ganina mace ta nemi mace. Zuciyar da ke cikin rauni takan ɗauki tausayi a matsayin so, kuma wannan ba lokacin ƙara wani ruɗani ba ne.

In kin same ta, ki faɗi bukatarki a fili. Ki ce: "Ina so ki riƙa ba ni awa ɗaya duk mako na tsawon wata uku, ki saurare ni, ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba." Sanya rana da iyaka yana kare ku duka biyu, ke ba za ki riƙa kiranta da tsakar dare ba, ita kuma ba za ta gaji ta fara ɓoye miki ba.

A zaman farko ki zazzage mata labarin gaba ɗaya, tun daga farkonsa. Daga nan jagora ta gari ba za ta bari ki riƙa maimaita shi kullum ba. Wata rana na shiga wurin Gwaggo da waya a hannu, ina rawar jiki zan nuna mata wani hoto da tsohon mijina ya saka. Ta karɓi wayar, ba ta ko kalla ba, ta kife ta a gefenta ta ce, "'Yata, ƙarfe nawa kika kwanta jiya? Kin ci abinci yau?" Daga nan muka fara. Kowane zama ya ƙare da aiki ɗaya ƙarami da za ki kawo bayaninsa mako mai zuwa: tattara takardar saki da takardun haihuwar yara da naki na makaranta wuri guda, buɗe asusun banki da sunanki kaɗai, canza lambobin sirri na waya da na imel, rubuta a littafi abin da ke shigo miki da abin da ke fita a wata. Ayyukan ba su da armashi, amma su ne ke dawo wa mutum da jin cewa rayuwarsa na hannunsa.

Manyan shawarwari kuwa, ki jinkirta su. Kada ki sayar da kadara, ko ki ajiye aiki, ko ki yi wa wani alkawarin aure a watannin farko. Musulma tana da idda, jini uku ko zuwa haihuwa ga mai ciki, amma cikar idda ba ta nufin zuciya ta huce. Duk abin da ya taso miki da gaggawa, ki kai shi zama na gaba tukuna.

Wurin da jagora ta fi amfani shi ne irin maganar da kike yi wa kanki. A 2012 David Sbarra da abokan aikinsa a Jami'ar Arizona sun wallafa binciken da suka yi kan mutum sama da ɗari da aurensu ya mutu, suka bi su na wata tara. Waɗanda ke tausaya wa kansu idan suna ba da labarin rabuwar sun fi saurin farfaɗowa. Tausaya wa kai ba wanke kai daga laifi ba ne. Jagorarki za ta taya ki ware abin da yake naki, kamar saurin fushi ko yawan shiru a inda ya kamata ki yi magana, daga abin da ba naki ba. Duk lokacin da na fara cewa ni ba ni da amfani, tambaya ɗaya Gwaggo ke yi: "Da ƙanwarki ce ta zo miki da wannan labarin, haka za ki ce mata?" Ki aro tambayar nan, tana aiki ko ba kowa a kusa.

In akwai yara, tsoron da ke hana ki barci na san shi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mavis Hetherington, ta bi iyalai kusan 1,400 na kimanin shekara talatin, ta gano cewa shekara biyun farko su ne mafi wuya, amma kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na yaran da iyayensu suka rabu sun tashi lafiya lau. Abin da ya fi cutar da yaro shi ne a sa shi a tsakiyar faɗa. Kada ki aike shi da saƙo wurin ubansa, kada ki tambaye shi wa ya gani a can. Saƙon da za ki tura wa uban ya tsaya kan lokaci, makaranta, lafiya da ciyarwa. In kin rubuta shi cikin fushi, jagorarki ta fara gani kafin ya tafi.

Ki san iyakarta. Ba likita ba ce, ba lauya ba ce. In kin yi mako biyu cikin baƙin ciki mara yankewa, ba barci, ba cin abinci, komai ya fita daga ranki, ki ga likita. In tunanin cutar da kanki ya zo, ranar za ki je, ba sai an jira zama ba. Riƙon yara, ciyarwa da rabon kaya na masana shari'a ne, barazana kuma ta hukuma ce. Jagorar da ta ce kada ki kai maganar ko'ina sai wurinta, ko ta fara zaɓa miki miji, ki ja baya da ladabi.

Idan wata ukun ya cika, ku zauna ku duba littafinki tare, me aka yi, me ya rage. In kin lura kina yanke shawara da kanki sannan ki ba ta labari daga baya, ku mayar da zaman sau biyu a wata, sannan sau ɗaya. In kuma har yanzu da saura, ki nemi ƙarin wata uku, ki faɗa mata takamaiman abin da kike so ku yi aiki a kansa.