Yadda ake auna gogayyar ciki a gilashin ƙarfe

Gilashin ƙarfe narkakken ƙarfe ne da aka sanyaya da gaggawa har atam ɗinsa suka daskare ba tare da sun jeru sahu-sahu ba. Pol Duwez da abokan aikinsa ne suka fara samar da shi a jami'ar Caltech ta Amurka a 1960, daga haɗin zinariya da silikon. Idan aka girgiza irin wannan ƙarfe, wani ɓangare na ƙarfin girgizar yakan ɓace ya koma zafi saboda motsin atam, kuma wannan asarar ce ake kira gogayyar ciki.

Da farko a yanki siririn samfur, a haska shi da eksre domin a tabbatar babu kiristal, wato atam da suka jeru sahu-sahu, a cikinsa, sannan a gano zafin da yake fara laushi, wato Tg. Na Vitreloy 1, wani gilashin ƙarfe da zirkoniyam ya fi yawa a cikinsa, yana kusa da digiri 350 a ma'aunin Salshiyas.

Daga nan sai a ɗaure samfurin a na'urar DMA, wadda take lanƙwasa samfur a kai a kai tana auna martaninsa, a cika ɗakin gwajin da iskar agon don kada ƙarfen ya yi tsatsa. A saita lanƙwasawar ta zama 'yar mitsitsiya, sau ɗaya a kowace daƙiƙa, a riƙa ƙara zafi da kamar digiri 3 a minti. Na'urar tana auna jinkirin da ke tsakanin turawa da lanƙwasawa, ta fitar da shi da sunan tan δ, wanda shi ne ma'aunin gogayyar ciki.

Karatun zanen da ke nuna yadda tan δ yake canzawa da zafi ne ya fi bukatar natsuwa. Babban tudun da ke kusa da Tg shi ne sassautawar alfa, inda atam suke motsi gaba ɗaya. Ƙasa da shi akwai sassautawar beta, wadda masana kimiyya Johari da Goldstein suka bayyana a 1970, inda wasu ƙananan gungu ne kawai suke motsawa yayin da sauran jikin yake a daskare. A gilashin ƙarfen lantanam tudun beta a fili yake, amma a na zirkoniyam sau da yawa ɗan gangare ne kawai, wanda mai garaje zai wuce bai lura ba.

A ƙarshe a maimaita gwajin da saurin girgiza daban-daban, amma da sabon samfur kowane karo, domin dumamawar farko takan sa atam su ƙara matsuwa, tudun beta ya ragu.